Zauren Lafiya: Sanyin da na yi kafin aure ne ya hana ni haihuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ni magidanci ne, shekaruna 36, ina sayar da kayan gyaran babur. Shekara shida ke nan da aurena, matata ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu inda ba a kai ta ba: asibiti, rubutu, sassaƙe, har wankin mahaifa an yi mata. Hajiyarmu ta ce bana lallai in ƙara aure. Watan jiya na je a ɓoye aka auna maniyyina, aka ce ƙwayoyin haihuwa miliyan 5 ne a kowace mililita, yawancinsu ba sa motsi, kuma akwai mugunya. Likitan ya tambaye ni ko na taɓa ciwon sanyi, kunya ta sa na ce a'a. Gaskiyar magana, wata takwas kafin bikina na yi fitsari mai zafi da ɗan farin ruwa da safe, daga baya ɗan marainana na hagu ya kumbura. Na sha kafso a kemis kwana uku abin ya lafa. Likitan ya ambaci wata cuta wai kilamidiya. Ni dai lafiyata lau wajen iyali. Shin ita ce ta yi min haka? In na sha magani yanzu zan haihu?

Magidanci, Gusau

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo rabo mai albarka. Ka yi abin da maza da yawa ke gudu, ka kai kanka an auna. Saura ka koma wurin likitan nan ka gyara amsar da ka ba shi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba ya tambayarka don ya san yadda ka yi samartaka. Kumburin nan na hagu da ka ɓoye masa, a wurina ya fi takardar gwajin kanta amfani.

Abin da ka lissafa ya yi kama da kilamidiya ƙwarai. Bakteriya ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, kuma a cikin cututtukan saduwa da bakteriya ke kawowa babu wadda ta kai ta yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kaɗai an samu sababbin kamuwa kusan miliyan 129 a tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 49, gonoriya kuwa miliyan 82. Mu duk sanyi muke ce musu, amma halinsu ba ɗaya ba ne. Gonoriya ba ta da kawaici: 'yan kwanaki bayan saduwa mugunya mai kauri ta fara zuba, fitsari ya zama azaba, dole mutum ya nemi magani. Kilamidiya sai ta yi mako ɗaya zuwa uku kafin ta nuna kanta, in ma za ta nuna, kuma abin bai wuce ɗan ruwa tsinkakke da safe da ɗan zafi-zafi ko ƙaiƙayi a cikin bututun fitsari ba. Kusan rabin mazan da ke ɗauke da ita ba sa jin komai, mata kuwa wajen bakwai cikin goma. Sau da yawa tare suke shiga jiki su biyun, a yi maganin mai hayaniyar a bar mai shirun.

Wani reshe na ƙwayar nan shi ke kawo ciwon idon da ke lanƙwasa gashin ido ya riƙa gogar ƙwayar ido har mutum ya makance, wanda aka daɗe ana yaƙi da shi a ƙauyukan Arewa da na Nijar. Wancan reshen ƙuda da hannu da tsumma ke yaɗa shi, ba saduwa ba, kada wani ya je ya kalli kakarsa da wani ido. Na kawo shi ne don duk wanda ya taɓa ganin fatar idon irin waɗannan tsofaffi ya ga aikin ƙwayar da idonsa: kumburi a hankali, sannan tabo, sannan tabon ya ja nama ya tsuke shi. Abin da take yi a ɓoye a ƙasan mara ke nan.

Kilamidiya ba ta iya hayayyafa a fili. Sai ta kutsa cikin ƙwayoyin naman da suka shimfiɗe bututun fitsari, ta yi kwana biyu zuwa uku tana ninkuwa, ta fasa ta fito ta kama na kusa. In ba a kashe ta ba tana iya bin hanyar da maniyyi ke fitowa ta yi baya, har ta isa wani siririn bututu da ke naɗe a bayan kowane ɗan maraina. Da za a warware shi, tsawonsa zai kai mita 6, raminsa kuwa bai wuce kaurin zaren ɗinki ba. Hanya ɗaya ce tal, babu ratse. A cikinsa ƙwayoyin haihuwa ke kwashe wajen mako biyu suna nuna, a nan suke samun ikon yin iyo. Nan ne ya kumbura maka. A wurin namijin da bai kai shekara 35 ba, kilamidiya da gonoriya ne kan gaba wajen kawo wannan kumburi. In ya warke ya bar tabo, ko da a wuri ɗaya ne cikin mita shidan nan, hanya ta toshe ke nan. Binciken da aka tattara a kan mazan da suka yi irin kumburinka ya nuna kusan ɗaya cikin goma kan ƙare babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maniyyinsa, wajen uku cikin goma kuma ƙwayoyinsu su yi ƙaranci. Saura shida kuwa adadinsu kan dawo daidai.

Sai maganar "lafiyata lau wajen iyali". Babu jumlar da nake ji daga bakin maza a ɗakin duba marasa lafiya kamar wannan, kuma ita ta sa mata da yawa shan ɗacin da ba su da buƙatarsa. Ƙarfin namiji daban, haihuwa daban. Ruwan da kake gani, fiye da kashi 90 cikin ɗari nasa ba daga maraina yake fitowa ba. Wasu 'yan jakunkuna biyu ne da ke bayan mafitsara suke samar da shi, da ƙullutun nan na ƙarƙashinta wanda kan kumbura wa dattawa ya hana su fitsari, kuma duk suna gaba da inda toshewar take. Sinadarin da ke ba namiji sha'awa da gemu da murya shi kuma ta jini yake bi, babu ruwansa da bututu. Saboda haka mutum zai iya toshewa gefe biyu, ya raba kwana yadda ya saba, ruwa ya fito da yawansa da kaurinsa, alhali babu ƙwaya ko ɗaya a ciki. Kamar gara ce a cikin azara, daga waje ɗaki lafiya lau. Madubin ɗakin gwaji kaɗai ke gane wannan. Haka maganar tsinkewar maniyyi da masu tallar magani a mota ke tsorata mutane da ita ta lasifika: kowane lafiyayyen maniyyi yana tsinkewa cikin minti 15 zuwa 30 bayan fitarsa, don ƙwayoyin su samu sakewa. Wanda ya ƙi tsinkewa ma shi ne abin dubawa.

Toshewa ita ce ɓarnar da babu gardama a kanta. Akwai ta biyu da masana ke ja-in-ja a kai, wato ko cutar tana lalata ƙwayoyin haihuwar su kansu. A ɗakin gwaji an ga tana manne musu, tana rage musu motsi, tana kashe wasu kafin lokacinsu. A garin Umeya na ƙasar Suwidin, wani bincike da aka buga a 2004 kan ma'aurata 244 masu neman haihuwa ya gano cewa in jinin miji ya nuna ya taɓa kamuwa, damar samun ciki tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2019 masu bincike a Birisben ta Ostireliya sun duba naman maraina da aka ɗebo daga maza 95 da ba a gano dalilin rashin haihuwarsu ba, suka tarar da alamun ƙwayar a 43. Amma akwai wasu binciken da suka gwada maniyyin masu cutar da na marasa ita ba su ga bambancin a zo a gani ba, kuma tarar da ƙwaya a wuri ba ya tabbatar da cewa ita ta yi ɓarnar. Inda na tsaya shi ne: kilamidiyar da ta tsaya a bututun fitsari aka kashe ta da wuri ba ta cika hana namiji haihuwa ba. Wadda ta gangara ta kumbura maraina, irin taka, ita nake tsoro.

Mu duba takardarka. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ya sa ƙaramin adadi a miliyan 16 cikin kowace mililita, kuma aƙalla kashi 30 cikin ɗari su kasance masu iyo suna yin gaba. Miliyan 5 ƙasa ne sosai, amma ba sifili ba ne, ma'ana akwai hanya a buɗe ko da gefe ɗaya. Sannan gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Maraina na ɗaukar wajen kwana 74 kafin ya gama ƙera ƙwayar haihuwa, don haka zazzaɓin cizon sauro mai zafi ko taifot da ka yi wata biyu kafin gwajin zai iya zubar da adadin ƙasa, daga baya ya farfaɗo. Ka sake bayan wata uku. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ranar, ka zuba a robar da ɗakin gwaji suka ba ka ba a kwaroron roba ba, kuma ya isa hannunsu cikin awa ɗaya. In kana tahowa da shi daga gida, aljihun da ke jikin fata ya fi but ɗin babur.

Kada kuma a ɗora wa kilamidiya komai a rufe littafi. Likita ya sa hannu ya duba ka a tsaye, don kumburin jijiyoyin jini a jakar maraina, wanda ya fi zuwa a hagu, shi ne kan gaba a cikin dalilan da ake iya gyarawa da tiyata. Ya ji ko ka yi hangum bayan ka balaga, ko tsargiya lokacin da kuke wanka a rafi, ko tiyatar ƙaba, ko tarin fuka. Taba da wiwi da tiramol duk suna rage ƙwayoyi. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne allura ko ƙwayar sinadarin mazantaka da wasu ke saye don ƙarin ƙarfi: jiki na ganinsa a jini sai ya umarci maraina ya daina aiki, mutum ya kashe haihuwarsa da kuɗinsa.

Wata shigar kuma, tun da an ce maka akwai mugunya, nan gaba kaɗan wani zai ce maka kana da sitaf, ya yanka maka kuɗin allurai na mako biyu ko jarkar magani. Ƙwayar sitaf tana zaune a fata da hancin lafiyayyun mutane, kusan mutum ɗaya cikin uku na ɗauke da ita a hanci, kuma daga hannu ko fatar gaba take faɗawa cikin robar gwaji. Na ga magidanta sun shekara suna yaƙi da ita, ainihin matsalar tana gefe ba wanda ya waiwaye ta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma a ganina ya fi duk wanda ka tambaya nauyi. Kafso na kwana uku ba ya kashe kilamidiya, kwantar da ita yake yi, wata takwas kuma ba ta isa a ce ta fita da kanta ba. Mai yiwuwa ne ka shiga da ita ɗakin amarya. A jikin mace ɓarnarta ta fi tabbata nesa ba kusa ba. Cikin mata ɗari da ba a yi wa magani ba, 10 zuwa 15 cutar kan haura daga bakin mahaifa ta kama bututun da ƙwai ke bi, wani lokaci da ciwon mara da zazzaɓi, wani lokaci shiru. Wani dogon bincike da aka yi a garin Lund, can Suwidin ɗin dai, ya nuna bayan kumburi ɗaya mata 8 cikin ɗari ke rasa haihuwa saboda toshewar bututu, bayan na biyu kusan 20, bayan na uku 40. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gudanar a ƙasashe 25 aka buga a 1985 kuwa ya gano kusan rabin matan Afirka da suka zo neman haihuwa bututunsu a toshe yake gefe biyu, alhali a ƙasashen da suka ci gaba 11 ne cikin ɗari. Ba duka cututtukan saduwa suka jawo ba, akwai ƙwayoyin da ke shiga wajen haihuwa ko ɓari, amma suna da babban kaso. Wato namiji na iya zama sanadin rashin haihuwa a gidansa ko da maniyyinsa ya cika ya batse.

Don haka dole ta sani. Shekara shida an bar jaki ana dukan taiki, ita ke shan rubutu, ita ke shan habaici a gidan biki da gidan suna, har wankin mahaifa, wanda ba ya kawo ciki, yana ma iya barin nasa tabon. Ba sai ka zayyana mata tarihin samartakarka ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka ne. Amma ka ce mata an auna ka an ga matsala a wajenka, kuma likita na son ganinku tare. Za a yi mata hoton da ake ɗura ruwa a mahaifa a ga ko bututun a buɗe yake, wanda ake kira HSG. Na sha ganin fuskar mace a ranar da mijinta ya faɗi wannan magana a gabanta, kuma mafi yawansu ba gori suke yi ba, ajiyar zuciya suke yi.

Gwajin cutar kanta da fitsari ake yi wa namiji, farkon abin da ya fito, bayan ya yi aƙalla awa ɗaya bai yi fitsari ba. Sunan gwajin PCR, ana samunsa a manyan ɗakunan gwaji, yana da ɗan tsada. Shukar fitsari ko ta maniyyi da aka saba yi ba ta nuna kilamidiya, don ba ta tsira a farantin gwaji. Gwajin jini kuma tarihi yake bayarwa, ba ya cewa tana nan yanzu. Bayan shekara shida gwajinka na iya fitowa babu komai, jiki ya kore ta ko wani maganin da ka sha don wani ciwo ya kashe ta, ta tafi ta bar tabonta. Inda babu gwajin, likita kan ba da maganin gonoriya da na kilamidiya a haɗe bisa alamomi, haka tsarin yake a ƙananan asibitocinmu.

Maganin ba shi da tsada. Doksisaikilin ne, miligiram 100 safe da yamma har kwana 7, ko azitromaisin giram ɗaya a sha lokaci guda, kuma na farkon ya fi aiki. In maraina na kumbure a lokacin, ana haɗawa da allurar seftiriyazon a kuma tsawaita ƙwayar zuwa kwana 10 ko 14. A sha doksisaikilin da ruwa cikin kofi, kada a kwanta nan take don yana ƙona maƙoshi, a kuma raba shi da maganin ƙarin jini da na gyambon ciki da awa biyu zuwa uku. Ampiclox da baƙi-da-ja da ake ba kowa a kemis ba maganinta ba ne. Ku fara rana ɗaya kai da ita, ku haƙura da juna har kwana bakwai su cika. Likita ne zai rubuta, ba don ka karanta a nan ka aiki yaro kemis ba.

Shin za ka haihu in ka sha? Maganin yana kashe ƙwaya, ba ya goge tabo. In akwai sauran cuta a jikinka, motsin ƙwayoyin na iya gyaruwa, za a gani a gwajin bayan wata uku. In tabo ne, akwai tiyatar da ake yi da madubi a tsallake inda ya toshe a haɗa bututun, sai dai masu yinta kaɗan ne. Akwai kuma dashen ciki, inda ake ɗaukar ƙwayar miji guda ɗaya a tsira ta cikin ƙwan matarsa, dabarar da aka fara haihuwa da ita a Beljiyam a 1992. Ga wannan hanyar miliyan 5 ɗinka dukiya ce, ko wanda ya toshe gefe biyu ana zuƙo masa kai tsaye daga maraina. Tun 1980 malaman Misira suka ba da fatawar halaccin dashen in maniyyin na miji ne, ƙwan na matarsa ne, auren kuma yana nan. Kuɗi ne dai ake kashewa ba kaɗan ba. Kuma maza masu adadi irin naka suna samun ciki ba tare da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, in bututun matar lafiya yake, sai dai a jira. Ka fara da asibitin gwamnatin tarayya da ke nan Gusau, in da buƙata su tura ka wajen likitocin mafitsara a Sakkwato ko asibitin Shika da ke Zariya.

Ƙarin aure kuwa ban isa in hana abin da shari'a ta halatta ba. Amma aure ba gwajin asibiti ba ne. In ka yi shi yanzu, da miliyan biyar ɗin nan za ka shiga sabon ɗaki, wataƙila da cutar ma, bayan shekara biyu a wayi gari mata biyu ake kira juya a gidanka. Ka ce wa Hajiya likita yana duba ku ku biyu, ta yi muku addu'a ta ba ku shekara ɗaya.

TAMBAYA

Likita barka da aiki. Mu biyu ne a wurin maigida. Sau uku a shekara ɗaya ana ba ni maganin sanyi, in samu sauƙi, bayan wata ɗaya ko biyu ruwan da ciwon mara su dawo. Na ƙarshe aka ce kilamidiya ce, aka ba ni magani in kai masa. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, mata ne ke kwaso sanyi a ban ɗaki. Ɗiyata ɗaya, shekararta 5, tun daga ita shiru.

Uwargida, Maraɗi

AMSA

Yauwa Hajiya, sannu da haƙuri. Ba a kwasar kilamidiya a ban ɗaki, ko a buta, ko a wanka da ruwan sanyi. Ƙwayar ba ta daɗewa a wajen jiki. Akwai ruwan gaba da ƙaiƙayin da ba daga miji suke ba, kuma suna da yawa, amma wannan da aka ambata miki ta saduwa take zuwa. Maganin da kike sha yana aiki, shi ya sa kike samun sauƙi. Ranar girkinki na zagayowa sai a dawo miki da ita. Maigida ba ƙarya yake ba da ya ce ba ya jin komai, rabin masu ita haka suke.

A gida irin naku mutum uku ne za su sha magani, rana ɗaya, a kuma ɗage rabon kwana a ɗakunan biyu har mako ya cika. In aka bar mutum ɗaya an yi aikin banza. Ba ke za ki tunkari abokiyar zamanki da maganar ba, kin san inda za ta ƙare. Aikin maigida ne, ko na ma'aikaciyar asibiti. In tana da ciki a faɗa wa likita, azitromaisin za a ba ta, mai ciki ba ta shan doksisaikilin. Kuma ita ta fi kowa buƙata, domin jariri kan ɗauka wajen haihuwa, idonsa ya kumbura yana ruwa tsakanin kwana 5 zuwa 14, wani kuma ta kama masa huhu a watannin farko.

Yadda za a shawo kansa: ki roƙi likitan ya rubuto masa takardar gayyata, maza sun fi jin magana daga takarda mai hatimi. In bai je ba, a samu wansa ko amininsa da yake jin nauyi. Ki kuma ba shi amsar da na ba mutumin Gusau ya karanta, wanda bai damu da ciwon mararki ba zai damu da marainansa.

Kamuwa uku da shiru na shekara biyar sun isa a duba bututunki, kada ki jira. Ki bar matsi da cushe-cushen kayan mata, suna ƙara buɗe wa cuta hanya. In kuma wata rana kin ga ɓatan wata, sai ga ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara, da ɗigon jini ko jiri, ki tafi asibiti ko tsakar dare ne. Bututu mai tabo kan riƙe ciki a wajen mahaifa, in ya fashe jini ne ke zuba a cikin ciki.

TAMBAYA

Likita, Allah shi ne shaidata ban taɓa kusantar zina ba. Wata goma da suka wuce na auri bazawara. Yanzu an gwada ni an ce ina da kilamidiya. Zuciyata ta kasa natsuwa, har na fara tunanin rubuta mata takarda.

Wani bawan Allah, Bauchi

AMSA

Ɗan'uwa, ajiye alƙalamin. Gwajin yana cewa ƙwaya tana nan, ba ya faɗin ranar da ta shigo ko wanda ya kawo ta. Tana iya zama a jikin mace fiye da shekara ba tare da alama ko ɗaya ba. Matarka ta yi aure kafin kai, mijinta na da wataƙila yana da wasu matan, su ma wataƙila sun yi wasu auren. A garuruwan da auri-saki ya yi yawa, cutar na iya ratsa gida biyar ta hanyar aure na sunna, babu wanda ya saɓa wa Allah a cikinsu. Idda tana tabbatar da cewa babu ciki, ba ta wanke ƙwayar cuta. Ka san nauyin ƙazafi a addini, kada takardar ɗakin gwaji ta kai ka can.

Ku sha magani tare, da uwargida in akwai. Kada ka yi saurin sake gwaji, gawar ƙwayar kan sa ya nuna tana nan har mako uku zuwa huɗu bayan an gama magani, sai ka ƙara zargin baiwar Allah a banza. Bayan wata uku ake sakewa. Tun da ba ka ce maraina ya kumbura ba, ban ga abin da zai tayar maka da hankali a kan haihuwa ba.

TAMBAYA

Likita, bikina saura wata biyu. An yi mana gwajin kafin aure an ce komai lafiya. Ke nan ba ni da wannan cuta?

Ango mai jiran gado, Kano

AMSA

Allah ya sanya alheri, ɗana. Gwajin da aka saba yi kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024, ya fi karkata ga cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta da rukunin jinin sikila. Jini aka ɗiba, kilamidiya kuwa a fitsari ake nemanta, sai ka roƙa da bakinka. In ba ka taɓa saduwa da kowa ba, ba ka da buƙata. In ka taɓa, ko sau ɗaya ne, ko ba ka ji komai ba, ka je a yi maka PCR na fitsari tun yanzu. Maganin mako ɗaya ne, kana da wata biyu. In kuma ka taɓa kumburin maraina, ka haɗa da awon maniyyi.

Ga ku samari gaba ɗaya, ba kowane ciwon maraina ne sanyi ba. Na cuta a hankali yake zuwa, cikin kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa da zafin fitsari. Wanda ya zo farat ɗaya, ya tashe ka daga barci, da amai, ɗan marainan ya ɗage sama, murɗewa ya yi jini ya daina isa gare shi. Wannan tiyata yake so cikin awa 6, ba kafso ba, in aka kai gobe sai dai a cire shi.